Manoman da Aka Ɗaure da Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi kan Bautar Gona a Tsohuwar Turai

Duk wanda ya leƙa tarihin Turai na zamanin tsakiya, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa ta 1500 miladiyya, zai yi ta cin karo da sarakuna da barade masu sulke da gidajen dutse masu ganuwa. Waɗanda suka noma abincin da mutanen nan suka ci kuwa, su ne mafi yawan jama'a, kuma da yawa daga cikinsu ba su da ikon kansu. Ga tambayoyin da aka fi yi game da su.

Su wane ne waɗannan manoma?

Turawa suna kiran irin wannan manomi da kalmar serf, wadda ta fito daga servus na harshen Latin, ma'ana bawa. A Ingila an fi ce masa villein, asalinta mutumin ƙauye. A Hausance sai mu ce ba ɗa ba ne, ba kuma cikakken bawa ba. Yana da gida, yana da mata da 'ya'ya, yana da gonar da yake ci daga cikinta, wani har da shanu da garma. Amma ƙasar ta ubangida ce, shi kuma a ɗaure yake da ita. Ba zai tashi ya koma wani gari ba sai da izini. Ba zai aurar da 'yarsa ba sai ya biya. Idan aka sayar da ƙasar ko aka ba da ita gado, da shi da iyalinsa ake haɗawa, kamar rijiya da itatuwan da ke cikin gonar.

Ubangidan na iya zama barde, ko babban basarake, ko sarki da kansa, ko bishop, ko gidan 'yan zuhudun Kirista.

To, ina bambancinsa da bawa?

Bawa dukiya ne, ana kai shi kasuwa, ana raba shi da matarsa, abin da ya samu na ubangijinsa ne. Ɗaurarren manomi kuwa coci ta amince da aurensa, gonar da yake nomawa a al'adance ɗansa ne zai gaje ta, kuma ubangida ba shi da hurumin kashe shi ko nakasa shi. Igiyar da ta hana shi tafiya ita ce kuma ta sa korarsa ta yi wuya.

A Ingila an yi zamanin da bayi da irin waɗannan manoma suka zauna a ƙauye ɗaya. Sarki Wiliyam, wanda ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, ya sa an yi ƙidayar gonaki da dukiya a 1086, aka tattara ta a kundin da ake kira Domesday. Cikin mutanen karkara da aka rubuta, kusan kashi 10 cikin 100 bayi ne tsantsa, kusan kashi 40 manoman ƙauye masu riƙe da gona, kusan kashi 30 masu ɗan bukka da guntun fili, mafi yawan sauran kuwa 'ya'ya ne masu 'yanci. A 1102 taron shugabannin coci a Landan ya la'anci sayar da mutane kamar dabbobi, kuma kafin ƙarnin ya ƙare bayi tsantsa sun kusa ɓacewa daga Ingila. Sai dai yayin da bawa yake ɗan ɗagowa, manomin ƙauye shi kuma nutsewa yake yi, har suka haɗu a tsakiya.

Daga ina abin ya faro?

Saiwarsa ɗaya tana cikin daular Rumawa. A ƙarshen zamaninta gwamnati na son haraji, haraji kuwa ba ya fitowa idan manomi na yawo. A shekara ta 332 Sarki Konstantin ya yi doka cewa manomin haya da ya gudu daga gonar da yake, a kamo shi a mayar, har ma a iya sa masa mari. Da daular ta rushe a yammacin Turai, sai tsaro ya zama abin nema. Daga baya kuma mahara suka taso ta ko'ina: 'yan Viking daga arewa, Magyar daga gabas. Wanda ba shi da doki da takobi sai ya raɓu da mai su. A ɗaya gefen, masu manyan gonaki sun gano cewa ciyar da garken bayi duk shekara ɗawainiya ce, gara a yanka wa kowa fili ya ciyar da kansa, ya riƙa zuwa aiki a ranakun da aka ɗora masa.

Malaman coci suka zo suka yi wa tsarin ado da cewa Allah ya raba mutane gida uku: masu addu'a, masu yaƙi, masu aiki. Bishop Adalbero na garin Laon a Faransa ya rubuta haka a farkon ƙarni na 11. Ba a tambayi ra'ayin gida na uku ba.

Yaya mutum ke faɗawa cikin wannan hali?

Mafi yawa haihuwarsu aka yi a ciki. A Ingila ɗa yana bin matsayin uba, a wurare da dama na nahiyar kuwa uwa yake bi. Akwai kuma wanda yunwa ko bashi ko tsoro ya sa ya miƙa kansa. Takardun gidan zuhudu na Marmoutier a Faransa sun nuna yadda ake yi a ƙarni na 11: mutum ya zo gaban bagadin coci, ya ɗora kwabo huɗu a kansa, wani lokaci ya naɗa igiyar ƙararrawar coci a wuyansa, ya shaida cewa shi da zuriyarsa sun zama na gidan. Kwabo huɗun nan kuma kowace shekara zai riƙa kawo su, alamar cewa kan da ke wuyansa ba nasa ba ne.

Wane aiki yake yi wa ubangida?

Ƙasar ƙauye kashi biyu ce. Akwai gandun ubangida, wanda duk amfaninsa rumbunsa yake tafiya, akwai kuma filayen manoma, waɗanda aka yayyanka dogaye sirara, na wannan kusa da na wancan, ba shinge. A Ingila manomin da ya samu cikakken rabo yana riƙe da wajen eka 30, da yawa kuma rabin haka ne ko ƙasa. Kuɗin wannan rabo shi ne gumi: kwana biyu ko uku a kowane mako a gandu, ana huɗa, ana shuka, ana cire ciyawa, ana gyaran shinge, ana dakon hatsi zuwa kasuwa. Ba lallai mai gida da kansa ba, yana iya tura ɗa ko ƙane, shi ya sa gida mai maza da yawa ya fi numfashi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kaka. Alkama da sha'ir sun nuna, damina a can ba ta da tabbas, ruwan kwana biyu na iya lalata aikin shekara. A daidai lokacin ne ake kiran gayyar ubangida. Sunanta a bakinsu aikin alfarma ne, kamar dai roƙo aka yi, amma wanda bai fito ba sai ya biya tara. Gida duka ake fitowa da lauje, a wasu wurare uwar gida kaɗai ake bari. Mutum yana yankan alkamar wani, idonsa na kan gajimare, tasa tana tsaye a gona. A irin wannan rana al'ada ta wajabta wa ubangida ciyarwa: burodi, cuku, wani lokaci nama ko kifi, da giyar sha'ir. Har a rubuce ake bambanta gayya mai sha da busasshiyar gayya, kuma manoma kan ƙi aiki idan aka rage musu abin da aka saba.

Mai lura da duk wannan, wanda za mu iya kira sarkin gandu, yawanci cikin manoman ake zaɓo shi. Matsayi ne da mutane da yawa ke gudu, har wasu na biyan kuɗi don a tsallake su, domin shi ne ke tsakanin ubangida da maƙwabta, kuma idan lissafi bai cika ba daga aljihunsa za a cire.

Bayan aikin, me kuma ake karɓa?

Da yawa. Ƙwai a lokacin Ista, kaza a Kirsimeti. Kuɗi idan aladensa za su ci 'ya'yan itace a dajin ubangida. Kuɗi idan zai aurar da 'yarsa, wanda a Ingila ake kira merchet, kuma biyansa shi ne babbar shaidar da kotu ke dubawa idan ana gardama ko mutum ɗa ne ko ɗaurarre. Tara idan 'yarsa ta yi lalata kafin aure. Kuɗi na shekara-shekara idan yana son zama a wajen ƙauye. Sai wani haraji da ubangida ke yankawa yadda ya ga dama.

Na ƙarshe sai bayan ya mutu. Ubangida ya ɗauki mafi kyawun dabbarsa, limamin cocin ƙauye ya ɗauki mai bi mata, magaji kuma ya biya kuɗin shiga gonar ubansa. A yi tunanin gidan da shanun huɗa biyu ne kawai. Ban da wannan akwai kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona da coci ke karɓa, amma shi kowa na biya, ɗa da ɗaurarre. Duk wannan daga gonar da mudu ɗaya na iri kan ba da mudu uku ko huɗu, ɗaya daga ciki kuma dole a ajiye shi don shukar baɗi.

Gaskiya ne har niƙa an hana su yi a gida?

Gaskiya ne. Injin niƙa mai aiki da ruwa na ubangida ne, kuma dole a can za a kai hatsi, mai injin ya ɗebi rabonsa. A Faransa har tanderun gasa burodi da wurin matse inabi haka suke. Dutsen niƙa na hannu sai ya zama kayan laifi.

A garin St Albans da ke arewa da Landan an daɗe ana wannan rigima tsakanin mutanen gari da gidan zuhudun da ke mulkinsu. A wajen 1331 shugaban gidan, Richard na Wallingford, ya ci nasara, aka karɓe duwatsun niƙan mutane, ya sa aka shimfiɗa su a daɓen wani ɗakin baƙi don a riƙa takawa. Shekara 50 bayan haka, a boren 1381, mutanen suka kutsa ɗakin, suka tono duwatsun, suka farfasa, suka rarraba wa juna guntu-guntu kamar yadda ake raba burodin ibada a coci ranar Lahadi. Yawancin waɗanda aka karɓe wa duwatsun sun riga sun mutu, jikoki ne suka riƙe abin a zuci.

Shi ubangida me yake ba su?

A ka'ida, tsaro da ƙasa. Suna kiwo a makiyayar gari, suna ɗiban itace a daji gwargwadon al'ada, kuma ba a tayar da su daga gona haka kawai. Tsaron kuwa ya danganta da wane ne ya fi ƙarfi a shekarar. Yaƙin barade yawanci ƙona gonakin abokin gaba ne, wato manomin da aka ce ana karewa shi ne abin hari na farko. A babbar yunwar 1315 zuwa 1317, lokacin da ruwan sama ya ruɓar da amfanin gona a arewacin Turai, wannan alkawari bai cika cikin kowa ba.

Idan an zalunce shi, ina zai kai kuka?

Kotun ubangidan, wadda ke zama duk bayan 'yan makonni, wakilinsa ne alƙali, tarar da aka ci kuma tasa ce. A Ingila tun daga ƙarshen ƙarni na 12, da kotunan sarki suka yi ƙarfi, sai aka ce na 'ya'ya ne, ɗaurarre ba zai kai ƙarar ubangidansa kan gona a can ba. Masana shari'a na ƙarni na 13 har suna siffanta shi da cewa shi ne mutumin da da yamma bai san aikin da za a sa shi da safe ba.

Amma a aikace abin bai kai haka muni kullum ba, kuma a ganina nan ne mutane suka fi yi wa tarihin nan gurguwar fahimta. Masu ba da shaida a kotun manoman ne da kansu, su ne ke faɗin abin da al'adar ƙauye ta ce. Idan kakanni kwana biyu suke yi a gandu, ubangidan da ya nemi na uku zai sha gardama, da jan ƙafa, da aikin ganin ido. Takardun kotunan cike suke da tarar waɗanda suka yi huɗa marar kyau ko suka zo aiki a makare. Al'ada ita ce sarƙar, ita ce kuma garkuwar, kuma manoma sun san haka sarai.

Da gaske ubangida ne ke fara kwana da amarya?

Wannan labari ya yaɗu ƙwarai, amma masana tarihi ba su sami wata doka ko shari'a ta zamanin da ta tabbatar da shi a matsayin haƙƙi ba. Abin da yake tabbas shi ne kuɗin aure da aka ambata a sama. Cin zarafin mata daga masu ƙarfi kuwa ya faru, ba ya buƙatar doka.

Dukansu matalauta ne?

A'a. Ana samun ɗaurarre mai eka 30 da tumaki, yana ɗaukar ɗan ƙodago, ɗan ƙodagon kuma ɗa ne mai 'yanci wanda ba shi da ko taki ɗaya na gona. A ƙarni na 13, da jama'a suka yi yawa ƙasa ta yi tsada, hayar da al'ada ta tsayar wa ɗaurarre takan fi ta kasuwa sauƙi. A Jamus ma akwai wani rukuni da ake kira ministeriales, barade ne da ma'aikatan fada waɗanda a shari'a ba 'ya'ya ba ne, amma suna riƙe da gidajen ganuwa suna jagorantar runduna. Mai karatun da ya san tarihin bayin sarki a fadojin ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba.

Ina coci take a duk wannan?

Tana daga cikin manyan masu ƙasa, kuma gidajen zuhudu sun yi suna wajen riƙe lissafi da ƙin yafe haƙƙi, suna cewa dukiyar ta waliyyi ce, ba su da ikon kyauta da ita. Dokar Clarendon ta 1164 a Ingila ta ce ba za a naɗa ɗan ɗaurarre limamin coci ba sai da yardar ubangidansa. Duk da haka ranakun bukukuwan coci, waɗanda suke da yawa a shekara, su ne hutun manomi.

Kamar rinji ke nan a ƙasar Hausa?

Akwai kama ta fuskar tsarin aiki: gandu na ubangiji, gayauna ta mai aiki, sarkin gandu a tsakiya. Murgu, inda bawa ke biyan wani abu don a bar shi ya yi sana'arsa, yana da ɗan'uwa a can, haka ma fansar kai. Amma mutanen rinji bayi ne a shari'a, da yawa kamo su aka yi ko sayo su daga wata ƙasa, kuma ana iya sayar da su. Ɗaurarren manomin Turai a kan ƙasar kakanninsa yake, harshensa da addininsa ɗaya da na ubangida a mafi yawan wurare. Cucanawa, waɗanda aka haifa a gida kuma al'ada ta ƙyamaci sayar da su, su ne suka fi kusa da shi.

Akwai hanyar fita?

Akwai uku. Mutum ya tara kuɗi ya fanshi kansa. Ko a 'yanta shi: birnin Bologna na Italiya ya fanshi sama da mutum 5,000 a 1256 zuwa 1257, kuma a 1315 Sarki Luwis na Goma na Faransa ya yi wa manoman gonakin sarauta tayin 'yanci, amma da kuɗi, domin yaƙi ya cinye masa baitulmali. Ko kuma ya gudu. Garuruwa da yawa suna da ka'idar cewa wanda ya shekara da kwana ɗaya a ciki ba a zo nemansa ba, ya zama ɗa. Jamusawa har karin magana suke da shi, wai iskar birni tana 'yantarwa. Gudun kuwa yana nufin barin gona da dangi, waɗanda za a iya matsa wa a madadinsa.

Me ya kawo ƙarshensa a yammacin Turai?

Tun kafin komai, iyayen gida da yawa sun fara gwammace kuɗin haya a kan aikin tilas, don mai aikin tilas ba ya aiki da zuciya. Sai Baƙar Annoba ta sauka tsakanin 1347 da 1351, ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen Turai. Gonaki suka yi yawa, hannaye suka yi kaɗan. Manomin da jiya ba shi da wurin zuwa, yau ubangida na ƙauyen gaba yana kiransa da lada mai tsoka, ba ya kuma tambayar daga ina ya fito.

Masu mulkin Ingila suka yi dokoki a 1349 da 1351 don tsayar da lada a farashin kafin annoba. Sannan aka ɗora harajin kai sau uku cikin shekara huɗu, na ƙarshe sule ɗaya a kan duk wanda ya kai shekara 15. A watan Yuni na 1381 mutanen yankunan Kent da Essex suka nufi Landan ƙarƙashin Wat Tyler, tare da wani limamin coci, John Ball, mai wa'azin cewa lokacin da Adamu ke noma Hauwa'u na kaɗi, wane ne basarake? A hanya suka riƙa ƙona takardun kotunan iyayen gida, domin a cikinsu aka rubuta wane ne ɗaurarre. Ranar 14 ga wata Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya same su a Mile End, a bayan garin Landan, ya amince da soke bautar gona da tsayar da haya a kwabo huɗu kan kowace eka. Washegari aka kashe Tyler a Smithfield, cikin 'yan makonni aka janye alkawarin, aka rataye shugabanni.

Boren ya faɗi, amma ƙarancin hannu bai gushe ba. Cikin shekara 100 da suka biyo baya tsarin ya zube da kansa a Ingila, ba tare da wata doka ta soke shi ba, har a 1574 Sarauniya Elizabet ta Farko ta ba da umarnin 'yanta ragowar da ke gonakin sarauta, su ma da biya. A Kataloniya ta Sifaniya sai da aka yi yaƙi sau biyu kafin Sarki Fadinan ya yanke hukuncin Guadalupe, wanda ya kwance manoman, a 1486. A Faransa ɓurɓushinsa ya kai har juyin juya halin 1789.

Ai kuwa an ce a Rasha ya kai ƙarni na 19?

Haka ne, kuma abin lura shi ne dalili ɗaya ya haifi sakamako biyu. A gabashin kogin Elbe da ya ratsa Jamus ma ƙasa ta fi mutane yawa, amma birane ba su da ƙarfi, sarakuna kuma suna buƙatar masu ƙasa don yaƙi, hatsi na cin kasuwa a yamma. Sai aka rufe wa manomi hanya da doka. A Poland dokar 1496 ta taƙaita barin ƙauye. A Rasha dokar 1497 ta ce manomi ba zai sauya ubangida ba sai cikin mako biyu a ƙarshen kaka, daga baya aka dakatar da wannan dama, dokar 1649 kuma ta ce wanda ya gudu a nemo shi ko bayan shekara nawa ne. A ƙarni na 18 har tallan sayar da su ake bugawa a jaridu, ba tare da gona ba.

Furusiya, wata daular Jamusawa, ta soke tsarin da dokar 1807, daular Ostiriya ta kammala a 1848. A Rasha Sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta sama da mutum miliyan 20 a 1861, amma aka ce su biya kuɗin gonar da aka bar musu cikin shekara 49. Suna cikin biya har aka yafe ragowar bashin a 1907.